Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗan Tsufa

A makon jiya na tsaya a kan shigata sakandare, amma dole in koma kan maganar Gwaggo kafin in ci gaba, domin ta ƙi barin raina tun da na fara wannan rubutu. Baba yana da shekara 68 aka haife ni, lokacin babban wanmu har ya aurar da 'yarsa ta fari, kuma Gwaggo, wadda ba ta iya taunar magana kafin ta furta, ta ce ɗan tsufa maraya ne tun ubansa yana numfashi. Ina cikin zanin goyo ta faɗe ta, amma yayyena sun yi ta maimaita mini ita duk lokacin da muka saɓa, har na haddace.

Baba bai taɓa yi mata gardama ba, kasancewarta yayarsa. Abin da yakan ce shi ne: "Yaya, ai Annabi Zakariyya ƙashinsa ya yi rauni, kansa ya cika da furfura, sannan aka ba shi Yahaya." Wani lokacin ya ƙara da godiyar Annabi Ibrahim da aka ba shi Isma'ila da Is'haƙa a kan tsufa. Ita kuwa sai ta ce ba ta ja da ikon Allah ba, lissafi kawai take yi.

Gaskiya ne Baba bai taɓa bin ni da gudu ba, kuma ranar da ya zo makarantarmu yara sun ruga suna gaya mini kakana ya zo. Sai dai babban wanmu, wanda har gobe yake kirana ɗan lele da baki biyu, ya san uban da ya rene su mutum ne mai zafi da ba ya wuni a gida. Ni kuwa na tarar da wanda zafinsa ya huce, yake zama ya saurari shirmena har ƙarshe, ya tambaye ni ra'ayina kamar ni wani ne. Wannan ne abin da suka kasa yafe mini, ko da yake ba za su amsa ba.

Maganar Gwaggo ta dawo mini sabuwa sa'ad da aka haifi autata ina da shekara 59. Likita ta bayyana mini cewa jikin namiji ba ya daina samar da ƙwayoyin haihuwa, amma yawan kwafe su shekara da shekaru yakan sa ƙananan kurakurai su taru. Wani bincike da aka yi a ƙasar Iceland a 2012 ya nuna cewa kowace shekara da uba ya ƙara tana ƙara wa ɗansa sababbin canje-canje kusan biyu a ƙwayoyin gado, kuma ana danganta hakan da ɗan ƙaruwar haɗarin galahanga da wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, duk da cewa mafi yawan yaran lafiya lau ake haifarsu. Na saurare ta da kyau, amma lissafin Gwaggo ne ya fi tsaya mini, wato shekarata nawa ranar da yarinyar za ta gama makaranta. Na taɓa karanta cewa John Tyler, shugaban Amurka da aka haifa a 1790, ya haifi ɗa yana da 63, ɗan ya haihu yana da 75, jikan kuma bai rasu ba sai 2025. Na tura wa babban wanmu labarin, bai ce komai ba.

Ina da shekara 17 Baba ya rasu, kuma Gwaggo ta riga shi da daɗewa, don haka ba ta ga maraicin da ta yi mini hasashe ba. Abin da yayyena suka yi da takardun Baba bayan rasuwarsa, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.