Wankin gilashi da asuba a Ngaundere, da maganar safar hannu

Duk wanda yace babu sanyi a arewacin Kamaru to Garwa ya sani ko Marwa a watan Afirilu, bai taɓa kwana Ngaundere a watan Janairu ba. Mu nan bisa tudu muke, sama da mita 1,000, in ka taso daga Garwa sai mota ta sha hawan dutse kafin ku iso, kuma in hunturu ya kankama sanyin asuba yakan sauko har kusa da digiri 10. Wanda ke Turai zai ji goma yace ai wannan ba komai bane. Toh shi yana cikin riga uku hannu a aljihu, ni kuwa a daidai lokacin hannuna na cikin bokitin ruwan da ya kwana a waje.

Sana'ata wankin gilashi ce, ni da yara biyu. Gaban kantuna, farmasi, otal, wasu ofisoshi masu bene. Masu wuri so suke kafin su buɗe an gama, kuma dama in rana ta fito kumfa bushewa take a jikin gilashi tun baka ja rakilet ba, wato abin share ruwa a gilashi mai bakin roba, sai ta bar zane, don haka daga sallar asuba sai bakin aiki. Ga ƙurar hunturu, yau ka wanke jibi ya sake yin buɗu-buɗu, wato lokacin da aiki ya fi yawa shine lokacin da hannu ya fi shan wuya. Damina ma nan ba sauƙi, watan Agusta ruwa sai ya wuni yana yayyafi ga iska, ka jiƙe ta sama ka jiƙe ta ƙasa.

Na daɗe ina aikin nan da hannu tsirara kamar kowa, don a wurinmu in ka sa safar hannu wajen wanki sai a ce iyayi. Abin da ya sa na canza, bara waccan ƙaramin yaron aikina yana kan tsani yana kankare fenti da reza a jikin wata taga, sai na hango jini yana bin gilashin. Nace kai sauko, me ya same ka? Yace maigida ba komai. Wallahi bai ma san ya yanke ba, yatsun sun sandare har reza ta shiga ɗan manuninsa bai ji ba. Ranar ban iya cin abinci ba. Na zauna ina tunani, yatsan da bai ji reza ba ta yaya zai ji in matakalar tsani tana sulluɓe masa a hawa na biyu, kuma uwarsa amana ta bani shi.

Ƙanena yana Faransa, garin Lil, shima wankin gilashi yake yi a wani kamfani, can kuma sanyin gaske ne, wani lokaci har ƙasa da sifiri ruwa ya daskare. Na kira shi a WhatsApp na faɗa masa. Yace Yaya, kuskuren kowa shine neman mai kauri, alhali abin da ke cin hannu jiƙa ce. Maganar ta zauna min sosai don na santa tun a gida ban dai haɗa ba. Me ke sa ruwan randa sanyi? Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska ta busar da shi, yana bushewa yana tafiya da zafi. Jiƙaƙƙen hannu a busasshiyar iskar hunturu randa ne sak. Ka ƙara da cewa ruwa yana jan zafin jiki ya fi iska wajen sau 25. Shi yasa mai moto, wato babur, da ke gudu a cikin iskar nan hannunsa bai kai namu wahala ba, nashi a bushe yake.

Daga nan na fara gwaji, kuma kuɗina sun tafi a banza ba sau ɗaya ba.

Ta ulu ko ta auduga ta gwanjo, irin wadda ake zubewa a kasuwa in sanyi ya shigo, minti biyu ta sha ruwa ta zama tsumma mai sanyi manne da fata, gara babu. Ta fata irin ta masu moto ita ma tana sha, in ta bushe ta ƙandare kamar ƙirgi. Ta magina, mai roba a tafi da saƙa a baya, riƙonta na da kyau amma ruwa ta bayan hannu yake shiga. Siririyar nan ta asibiti ruwa baya ratsa ta, sai dai babu ɗumi ko kaɗan kuma ƙusa ɗaya ta taɓa ta yage.

Ƙanen nawa ya aiko min da irin tasu, neyofiren, robar da ake ɗinka kayan masu nutso a teku da ita. Cikinta ƙananan kumfan iska ne birjik, su ke tare sanyi, ko ruwa ya ɗan shiga jikinka zai ɗumama shi ya zauna. Tana zuwa kauri-kauri, milimita 2, 3, har 5, shi mai 3 yake sawa. Gaskiya da asubar Janairu babu kamarta, yaran har rigima suke wa zai sa. Amma ga abin da na gani: da ƙarfe tara ta yi rana ta ɗaga sai gumi ya cika ta, bata bushewa da wuri, in ka bar ta a jaka kwana biyu warin ba a magana. Wadda aka ɗinke da zare kawai ruwa na bi ta ramin allura, sai wadda aka manne bakin da gam ce ke tare shi sosai. Mai milimita 5 kuwa ban ba mai rakilet shawara ba, baka jin bakin robar a jikin gilashi, kuma aikinmu rabinsa a ji yake, kusurwa in ta kuɓuce maka sai ka bar layi. Ita ta Lil ce da makamantansu. A Garwa ko Njamena ban ga abin da zai sa mutum ya nemi a aiko masa da ita ba.

Abin da ya karɓe mu a nan, wajen masu ɗakin sanyi na kifi na gano shi. Wani dattijo da ke sauke katan-katan na daskararren kifi na ga hannunsa lafiya lau, nace Baba don Allah me kake sawa? Ya tuɓe ya nuna min, biyu ce. Siririya ta saƙa a ciki, doguwar roba a waje wadda ta rufe hannu duka har ta wuce wuyan hannu. Yace ɗana, ta cikin nan guda uku nake yawo da ita, da ta yi danshi sai in canza. Shikenan fa. Ta waje ta tare ruwa, ta ciki ta riƙe ɗumi ta shanye gumi, kuma da yake rabuwa suke kowacce tana bushewa da kanta. Akwai wadda ake haɗe su tun daga kamfani, roba a waje gashi-gashi a ciki, tana da daɗin sawa amma ranar da ruwa ya shiga cikinta sai ka yi kwana biyu kana shanya. Ta cikin, in ka samu akirilik, wato zaren kamfani mai kama da ulu, ko siririn ulu ya fi auduga, auduga in ta jiƙe riƙe ruwan take.

Robar waje ma iri-iri ce, kuma mai kanti sau da yawa duk roba yake ce musu, sai ka karanta jikin ledar da kanka. Lateks taushi gare ta, tana kama jiƙaƙƙen abu da kyau musamman mai gurji-gurji a tafi, amma mai da fetur da kananzir suna cin ta, kuma wasu jikinsu baya karɓar ta, babban yarona da ya sa kwana uku hannunsa ya yi ja ya dinga ƙaiƙayi sai da muka canza masa. Nitiril ta fi jure mai da sinadari, bata da wannan matsalar ta lateks, sai dai mai sulɓin tana santsi in kumfa ta taɓa ta, ka nemi wadda tafinta ke da kaushi kamar yashi. PVC tana da arha da ƙarko amma sanyi na sa ta taurara, yatsu su ƙi lanƙwasuwa.

In ka duba bayan safar ko jikin ledarta zaka ga wasu tambura. Mai hoton ƙanƙara an rubuta EN 511, ma'aunin Turai ne na sanyi, da lamba uku a ƙasa. Ta farko sanyin iska, daga 0 zuwa 4. Ta biyu sanyin abin da ka riƙe, ita ma 0 zuwa 4. Ta uku ita ce tamu: 1 ruwa baya shiga, 0 yana shiga, in ka ga X ba a gwada ba. Na sha ganin mai kauri kamar bargo amma lambar ƙarshe 0, wannan ta mai ɗaukar kaya ce ba ta mai bokiti ba. Ɗaya tambarin mai hoton guduma, EN 388, shi kuma na gogewa ne da yanka da yagewa da huda, mai aiki da reza ya dubi na yankan. Amma fa kar ka miƙa wuya ga tambari kaɗai, kayan kasuwarmu akwai na jabu da ake buga musu komai, idonka da hannunka su ne alƙalai.

Ni in zan saya ga yadda nake yi, mai kinkayeri, wato kantin kayan aiki da na gini, tun yana ƙorafi har ya saba. Ina hura mata iska in murɗe bakin in matsa kusa da kunne, in akwai huda zaka ji. Sannan in sa ta tare da ta cikin, in ajiye ƙwandalar dala ashirin a kan tebur in gwada ɗauka. In na kasa ɗauka to bazan iya riƙe reza da ita ba, bazan iya matse tsumma ba. Sai in dunƙule hannu in buɗe sau goma in ji ko tana matse ni.

Maganar matsewar nan mutane basu ɗauke ta komai ba alhali babba ce. Jini ne ke kai ɗumi yatsu, safa in ta matse ta rage gudunsa sai yatsun su yi sanyi duk da ka sa ta. In ta yi yawa kuma tana lilo a bakin yatsu, rakilet ya zame. Ka sami zare ka zagaye tafin hannunka ta wajen gaɓoɓi banda babban yatsa, ka auna. Wajen santimita 20 lamba 8 kenan, 23 lamba 9, 25 lamba 10. Tunda akwai ta ciki, ta wajen ka ƙara lamba ɗaya. Ni 9 nake, 10 nake saye.

Sai wuyan safar. Mu hannu a sama muke aiki, ruwa na gangarowa ta mariƙin rakilet ya bi tafi ya bi wuyan hannu ya shige hannun riga har hammata, wanda bai taɓa ji ba bazai gane ba, sanyin har cikin ƙashi. Gajeriyar safa bata da amfani a nan. Doguwa zaka nema, ka naɗe bakinta waje kamar yatsa biyu ya zama ɗan kwalbati, ruwan sai ya taru a ciki ka sauke hannu ka zubar. Wasu na ɗaurewa da robar tayar keke, yana yi, amma kar a tamke.

Bayan an tashi aiki muna ɗauraye su a juya su baibai a shanya a inuwa inda iska ke wucewa. Rana da bakin murhu suna busar da roba ta tsattsage. Hannu kuma, omo da ruwan jabel, wato bilic, suna kwashe maiƙon fata, jaura ta zo ta tsaga wurin, tsagar nan in sabulu ya shiga sai ka ji kamar barkono. Man kaɗe ko basilin da dare kafin a kwanta, ba da safe a ƙarƙashin lateks ba don mai na lalata ta. Tunda na ambaci jabel, don Allah kar a haɗa shi da binegar ko ruwan wankin gilashi mai amoniya a bokiti ɗaya, hayaƙin da ke tashi guba ne. Kuma in yatsu suka sandare kar a ruga wajen mai shayi a kara su a wuta, fatar da bata ji tana iya ƙonewa baka sani ba, a cusa su a hammata ko ruwa mai ɗan ɗumi har su dawo, zai yi zugi amma zai wuce.

Wani maigidan kanti ya taɓa ce min, Malam kai da yaranka kamar likitoci. Nace Alhaji hannun nan da shi muke ci. Bai ce komai ba, amma sati na zagayowa ya tambaye ni inda nake saye, wai mai gadinsa ke wanke masa mota da asuba.

Yanzu kowane yaro yana da doguwar nitiril guda biyu da ta ciki guda uku a cikin leda, ni nake saya ba a cire musu a kuɗin aiki. Na kuma sa doka, kafin kowa ya taka tsani sai ya taɓa babban yatsansa da ƙaramin a gabana, hannu biyu. Wanda ya kasa ya zauna ya sha shayi tukuna, gilashin zai jira. Disamba ta kusa, jiya na ƙirga na ga ta ƙaramin guda ɗaya ta huje a ɗan manuni, gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa.