Yadda muka ɗage taronmu a farkon korona

Ni ne sakataren kwamitin da ya shirya taron ƙungiyarmu ta masu bincike na shekarar 2020, wanda aka sa za a yi a ƙarshen watan Maris. Taro ne na ɗaruruwan mutane daga nahiyoyi daban-daban. Kafin sunan korona ya shiga bakin kowa mun riga mun biya kafin alƙalamin zauren otal, mun tantance maƙaloli, mun aika wa mahalarta takardun gayyata su nemi biza.

Ranar 30 ga Janairu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin matsalar gaggawa da ta shafi duniya, amma ba ta ce a daina tafiye-tafiye ba. Muka ci gaba da shiri. Abin da ya fara girgiza mu shi ne soke babban baje kolin wayoyin salula na Barcelona ranar 12 ga Fabrairu, taron da ake sa ran mutum kusan 100,000. Hukumomin Sifaniya sun dage cewa babu dalilin lafiya da zai sa a fasa. Kamfanoni irin su Ericsson da LG da Sony ne suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya har taron ya mutu da kansa.

A zamanmu na gaba kwamiti ya rabu biyu, kuma ma'ajinmu ne ya fito da abin da kowa ke tsoron faɗa. Ya buɗe kwantiraginmu da otal ya karanta mana sakin layi guda: idan gwamnati ce ta hana taro, za a dawo mana da kuɗinmu, idan mu muka fasa da kanmu, kuɗin ya tafi. Inshorar da muka saya kuwa ta cire annoba daga abin da take biya, a wani ƙaramin rubutu can ƙasan shafi. Ya ce mu yi shiru mu jira gwamnati ta yi magana. Ban ga laifinsa ba, amanar asusu aka ba shi, kuma ƙungiya irin tamu asarar taro ɗaya na iya durƙusar da ita shekaru. Sai dai jiran nan akwai wanda ke biyan kuɗinsa. Duk ranar da muka yi shiru, wani yana sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, wani yana doguwar tafiya zuwa ofishin jakadanci. Wata matashiyar mai bincike ta rubuto mini cewa bashi ta ci ta sayi tikiti domin wannan ne karon farko da aka karɓi maƙalarta. Ta ce, "Malam, don Allah in da wani canji a sanar da ni da wuri." Ma'aikatan manyan jami'o'i ofis ke biya musu, asarar ba ta taɓa aljihunsu. Irinta ne ake barin su da bashi.

Wani dattijon farfesa a cikinmu ya kawo hujja mai ƙarfi daga lokacin Ebola cewa kada tsoro ya sa mu ɗage taron. Ya tuna mana yadda a 2014 jihar Louisiana ta Amurka ta ce duk wanda ya je Gini ko Laberiya ko Saliyo cikin kwana 21 kada ya halarci taron masana cututtukan ƙasashe masu zafi a New Orleans, aka hana waɗanda suka fi kowa sanin cutar zuwa su faɗi abin da suka gani. Ya kuma ambaci gasar cin kofin Afirka ta 2015, wadda Maroko ta nemi a ɗage saboda tsoron Ebola, aka mayar da ita Equatorial Guinea aka buga lafiya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a kan Ebola ka yi gaskiya." Mai Ebola ba ya yaɗa ta sai alamu sun bayyana, kuma sai an taɓa jininsa ko ruwan jikinsa. Korona ta numfashi ce, tana iya kai kwana 14 kafin ta nuna kanta, kuma an fara samun rahotannin masu yaɗa ta suna jin kansu garau. Na'urar auna zafin jiki da muka yi niyyar ajiyewa a bakin ƙofa ba za ta kama irin wannan mutumin ba.

Abin da ya sauya mini tunani gaba ɗaya jerin sunayen mahalarta ne. Tun farko muna ta tambayar ko birnin da za mu yi taron lafiya yake, kuma a lokacin lafiya yake. Wani dare na ƙara layi ɗaya a jadawalin, na rubuta ƙasar da kowa zai koma da filin jirgin da zai yada zango. Da na gama sai na ga mutum daga arewacin Italiya, inda aka riga aka killace wasu garuruwa, zai zauna teburi ɗaya da likitan da zai koma asibitin da ba shi da isasshen iskar oksijin, kuma ƙasarsa ba ta da wurin gwajin cutar sai ƙalilan. An riga an ga irin haka a Singafo a watan Janairu, inda taron wani kamfani na mutum ɗari da 'yan kai a otal ya watse, daga baya aka gano cutar a jikin mahalartansa a Malesiya da Koriya ta Kudu da Birtaniya. Taron ƙasa da ƙasa yana tara mutane na 'yan kwanaki ne, sannan ya rarraba su ko'ina a duniya kafin kowa ya san abin da ya ɗauka.

Ranar 27 ga Fabrairu Saudiyya ta dakatar da shigar masu Umara. Wannan ya sanyaya gwiwar masu cewa tsoro ne kawai ke damun mu. Ni kuwa ya tuna mini da Sayyidina Umar lokacin annobar Amwas, da ya isa wani wuri da ake kira Sarg a hanyarsa ta zuwa Sham aka ba shi labarin cewa annoba ta ɓarke a can Sham. Bai yanke hukunci shi kaɗai ba, ya kira jama'a rukuni-rukuni ya ji ra'ayinsu, suka saɓa, sannan ya juya da tawagar. Kwana biyu bayan matakin Saudiyya, ƙungiyar masana kimiyyar fiziks ta Amurka ta soke taronta na Denver saura sa'o'i kusan 36 a buɗe, alhali wasu sun riga sun sauka daga jirgi. Na ce wa kwamiti ko me za mu yi, kada mu jefa mutane cikin irin wannan hali.

Muka tsayar da rana a makon farko na Maris, muka sanar da kowa cewa ranar za a ji matsayarmu, kada wanda ya ƙara kashe ko sisi kafin nan. Wannan sanarwar kaɗai ta rage wa mutane asara fiye da duk abin da muka yi daga baya. Da ranar ta zo muka ɗage taron. Kafin alƙalaminmu mafi yawansa bai dawo ba. Mun mayar wa kowa kuɗin rajista, muka rubuta wa kamfanonin jiragen sama takardu a madadin mahalarta, ɗan abin da ya rage a asusun tallafin tafiya muka raba wa waɗanda suka sayi tikiti da kuɗinsu, har da matashiyar nan. Ranar 11 ga Maris aka ayyana korona annobar duniya.

Ba na ɗaukar abin da ya biyo baya a matsayin shaidar cewa mun fi wasu hangen nesa. Waɗanda suka yi taron kamfanin magunguna na Biogen a birnin Boston na Amurka a ƙarshen Fabrairu, mutum kusan 175, da bayanan da ke hannun kowa suka yi aiki. Sai a Disamba wani bincike a mujallar Science ya ƙiyasta cewa kamuwar da ta samo asali daga wurin ta kai tsakanin 205,000 da 300,000. Kuma ɗagewar ta ci mana abu mai yawa. Zaman da muka yi ta intanet ya gudana, amma wasu layinsu na ta yankewa, wasu tsakar dare ne a wurinsu, hirar bakin zaure da matasa ke samun masu duba aikinsu kuwa babu ita sam.

Da muka zo shirya taro na gaba, na nemi a rubuta a kwantiragi cewa muna da ikon ɗagewa ba tare da asara ba idan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana matsalar gaggawa, ko idan wani kaso na mahalarta ya kasa samun hanyar zuwa, ko da gwamnati ba ta ce komai ba. Otal-otal da dama sun ƙi. Wanda ya yarda ya fi tsada, shi muka ba aikin.