Ruwan sanyin da ya cinye mini babi goma sha ɗaya

Wata bakwai na yi ina rubuta labarin, kuma har ga Allah na ɗauka na ƙure bincike. Labarin kisa ne a cikin kwazazzabon Grand Canyon da ke jihar Arizona ta Amurka, a shekarar 1988. Mutum goma sha biyu a kwale-kwalen roba guda uku, sun tashi daga Lees Ferry za su gangara kogin Colorado har Diamond Creek, tafiyar mil 226, sama da mako biyu ba gari ba mota. Ranar ta shida aka wayi gari da gawar ɗayansu a kan rairayi. Ba baƙon da zai iya shigowa, ba wanda zai iya fita, to mai kisan yana cikin waɗanda ake cin abinci tare da su.

Abin da ya ja ni wurin tun farko tarihinsa ne. A 1869 mutum uku daga cikin ayarin John Wesley Powell, mai binciken da ya gangara kogin da jiragen ruwa, suka ce sun gaji da ruwan, suka hau dutse da ƙafa, ba a sake ganinsu ba. A 1928 ango da amarya, Glen da Bessie Hyde, suka ɓace. Aka tsinci jirginsu lafiya lau, kayan abinci na ciki, mutanen babu. Duk wannan na haddace shi. Na san Crystal da Lava Falls, inda ruwa ke tafasa tsakanin duwatsu yana kifar da jirgi. Har akwatin ƙarfen da ake yin bayan gida a ciki a tafi da shi na sa a labarin, don dokar wurin ba a barin komai a baya.

Abu ɗaya ban bincika ba, don ban ma san abin bincike ba ne. Zafin ruwan.

Mai kisan nawa ya kwana a ɗaya gaɓar, kowa ya shaida. Sirrin shi ne ya yi iyo ya tsallako cikin dare, ya aikata abin da ya aikata, ya sake iyo ya koma ya kwanta. Daga babi na tara zuwa na sha tara komai a kan wannan iyon na ɗora shi. Ni da na tashi ina wanka a rafi da bazara, ruwa kamar an ɗumama, me zai sa in yi tunanin wani abu daban? Hamada ce fa, zafin ƙasan kwazazzabon yana wuce digiri 40 a watan Yuli.

Ɗan wan babana da ke aiki a can, wanda ya taɓa shiga wannan tafiyar, shi na tura wa ya duba mini sunayen wurare kawai. Bayan kwana biyu ya kira. "Ƙanena, mutumin nan naka da ya yi iyo sau biyu, ai gawa biyu ke nan gare ka, ba ɗaya ba." Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce ranar farko da ya tsoma hannu zai yi alwala, kafin ya kai wanke ƙafa yatsunsa sun daskare.

Ashe tun 1963 da aka rufe ƙofofin dam ɗin Glen Canyon, mil goma sha biyar sama da Lees Ferry, ruwan da ake sakowa daga can ƙasan tafkin Powell, wanda dam ɗin ya tara, yake fitowa, inda rana ba ta kaiwa. A shekarun labarina bai wuce digiri 8 zuwa 10 ba, rani da hunturu. Mutum ya faɗa ciki, numfashi ne ke fara sarƙe masa, sannan hannu ya ƙi motsi. Ga ƙarfin ruwa, ga duhu. Ko launin ma na yi kuskure: na rubuta shi jawur kullum, alhali dam ya tare laka, sau da yawa kore ne shar sai in ruwan sama ya sa ƙananan kogunan Paria ko Little Colorado da ke zuba a cikinsa sun kwararo. Wannan gyaran kalma ne. Iyon kuwa shi ne ƙashin bayan labarin.

Sati uku ban buɗe kwamfuta ba. Na yi ƙoƙarin yi wa kaina wayo, na ce a ba shi rigar iyo ta roba. To ina ya ɓoye ta kwana shida a jirgin da kowa ke ganin jakar kowa? Na ce a mayar da labarin 1950, kafin dam. Sai rabin mutanena suka rasa dalilin zuwa wurin.

Dam ɗin da ya kashe ni shi ya tashe ni. Saboda wutar lantarki ake sakin ruwa da yawa da rana, a rage da dare, kuma a wancan zamanin bambancin kan wuce tsayin mutum a wasu wurare. Hauhawar tana gangarowa a hankali, kowane zango da lokacin da take isa. Masu jirgi kan farka su tarar da kwale-kwalensu zaune a kan busasshen yashi. Sai na dawo da mai kisan gaɓa ɗaya da kowa, na bar shi ya rantse cewa ƙarfe biyun dare ya ga mamacin tsaye a bakin ruwa kusa da wani dutse. Jarumata ta tsuguna da safe ta dubi layin danshi a jikin dutsen, ta tambayi mai tuƙi yaushe ruwa ya hau jiya. A wannan sa'ar wurin yana ƙarƙashin ruwa.

Ya fi na farkon, na sani. Amma wata huɗu ya ƙara ci, kuma babi na sha huɗu na tsohon rubutun, inda mutumin ke iyo wata na haska bayansa, ban taɓa rubuta abin da ya kai shi kyau ba. Yana nan a wayata. Jiya ma sai da na sake karanta shi.