Abin da na ɗauko daga ajin 'yan koyo

Yanzu da na ajiye aikin koyar da rubuta manhaja, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da shugaban sashenmu ya ba da umarnin a cire Scratch, manhajar koyar da masu farawa, daga kwamfutocin ajin farko a koma Python kai tsaye, wato harshen kwamfuta da ake rubuta umarninsa da haruffa, wai abin da muke yi wasan yara ne, alhali kuwa bai taɓa zama a ajin ya ga yadda darasi yake gudana ba.

Scratch, wanda masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fitar a 2007, yana ba ɗalibi tubalan umarni masu launi ya harhaɗa, kuma tubalin da bai dace da wuri ba ba zai zauna ba, saboda haka hankalin ɗalibi yana kan jerin matakai da maimaici da sharaɗi, kafin a ɗora masa nauyin ƙa'idojin rubutu. Tun 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa suka bi hanyar sauƙaƙa wa yara da harshen Logo, wanda daga baya yaro ke umartar kunkurun kwamfuta ya yi zane da shi.

Akwai wata ɗaliba da ta riga ta gane sharaɗi sarai, har ta sa hoton kyanwar da ke cikin Scratch tana juyowa duk sa'ad da ta taɓa gefen allo. Bayan sauyin na same ta ta zura wa kwamfuta ido, ɗan gajeren shirinta ya ƙi aiki saboda ɗigo biyu da ta manta a ƙarshen layi, ga saƙon kuskure da Turancin da ba ta fahimta. Ta ce mini, "Malam, ashe da ma ban iya komai ba." Daga nan ta ɗauke ƙafa, wasu suka bi bayanta, rahoton ƙarshen zango kuma ya ce malamin ne ya kasa riƙe ɗalibai.

Ban taɓa cewa a dawwama a kan tubala ba. Tsallakawa zuwa rubutu ita ce wahalar, shi ya sa na kai shawarar mu gwada Hedy, harshen koyon rubuta manhaja wanda Felienne Hermans ta ƙirƙiro a 2020, mai ƙara alamomin rubutu mataki-mataki har a isa Python, amma ko amsa ban samu ba.

Na kuma koyi cewa karanta saƙon kuskure darasi ne mai zaman kansa. Wanda zai gaje ni kuwa ya nemi a riƙa ba shi irin wancan umarni na sauya tsarin koyarwa a rubuce, da sa hannun wanda ya bayar.