Saƙon Godiya Bayan Dawowarmu Daga Ɗaurin Aure a Ibadan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya kai mu Ibadan lafiya, Ya kuma dawo da mu Kaduna lafiya a daren Litinin, na ga ya wajaba in fito fili in yi godiya a madadin kaina da 'yan uwana shida da muka tafi ɗaurin auren amininmu, domin alherin da aka yi mana ya fi ƙarfin a ɗaga waya a ce wa mutum an gode.

Ga waɗanda ba su sani ba, angon namu Bayerabe ne haifaffen Kaduna. Mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, aikin masaƙa ne ya kawo shi Kakuri tun a shekarun 1970, kuma a nan ya haifi 'ya'yansa duka. Mun haɗu da ango a Kwalejin Kimiyya da Fasaha da ke Tudun Wada shekara 14 da suka wuce, kuma ranar da na rasa mahaifina yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓi gawa. Mutumin da ya yi maka haka ba ka jiran katin gayyatarsa. Sai dai na tafi ne da zaton cewa tunda gidajen biyu Musulmi ne, abin ba zai wuce yadda muka saba ba: a taru a masallaci, wakili ya nema, waliyyi ya bayar, a faɗi sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da alawa, kafin rabin awa kowa ya kama gabansa.

Mun bar Kaduna ranar Laraba bayan sallar asuba, muka bi ta Lambata da Bida. Muna dab da shiga Mokwa tiyon lagireton motarmu ya tsage, ruwa ya tsiyaye, muka tsaya a gefen titi cikin rana. Godiyata ta farko tana zuwa ga wani bakanike Banufe da ya baro garejinsa ya biyo mu a kan babur, ya gyara motar, sannan da ya ji ɗaurin aure za mu sai ya karɓi kuɗin tiyo kawai, ya ce ladan aikinsa a sa shi a cikin addu'ar ango da amarya. Mun sa shi, kuma Allah Ya buɗa masa. Daga nan muka ƙetare kogin Kwara a Jebba, muka ratsa Ilorin da Ogbomosho da Oyo, ba mu shiga Ibadan ba sai bayan ƙarfe 12 na dare.

Wanda ya sauke mu wani dattijo ne mai fataucin goro a unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa tun 1916, kuma shi ma a nan aka haifi mahaifinsa. Baba bai kwanta ba sai da muka iso, ya sa aka ɗumama mana tuwo. Washegari da hantsi ya tara mu a zaurensa ya ce, “'Ya'yana, kada ku shiga taron mutane da ka. Ku zauna in gaya muku abin da za ku tarar.” A bakinsa muka fara jin cewa kafin ɗaurin aure akwai wani babban zama na dangi biyu, kuma a cikinsa ango da abokansa sukan kwanta rub da ciki a gaban iyayen amarya, abin da suke kira idobale.

Ba zan ɓoye ba, wannan magana ta tsaya mini a rai. Na sani mu ma muna durƙusa wa iyayenmu, muna cire takalmi mu faɗi gaisuwa a gaban sarakunanmu, kuma na sani babu Bayeraben da yake nufin bauta idan ya kwanta wa babba. Amma zuciyata ta kasa natsuwa da in miƙe a ƙasa a gaban ɗan Adam, haka ma huɗu daga cikin abokan tafiyata. A ɗaya ɓangaren kuma ina tsoron kada mu zubar wa amininmu da mutunci a gaban surukansa, a ce ya kwaso abokai marasa tarbiyya daga Arewa. Na kira ango na gaya masa gaskiya, shi kuma bai yi fushi ba, sai ya ce in ba shi zuwa la'asar.

Bayan la'asar sai ga ƙanin mahaifin amarya da kansa a ƙofar masaukinmu. Malami ne, ko alfa kamar yadda suke faɗi, ya yi karatun allo a Zariya yana saurayi, Hausarsa kuwa babu gargada. Ya zauna a tabarma ɗaya da mu, ya bayyana mana cewa malamansu ma sun yi saɓani a kan wannan al'ada, wasu sun hana, wasu suna ganin girmamawa ce kawai. Sannan ya ce, “Ku baƙinmu ne, kun yi tafiyar yini guda saboda 'yarmu. Ku gaishe mu yadda kuke gaishe da iyayenku a gida, mun karɓa.” Kawu, idan wannan saƙo ya iso gare ka, ka sani cewa duk tafiyar nan babu abin da ya fi wannan tattaki naka girma a idona. Kana da ikon aiko yaro, amma ka tako da ƙafarka. Allah Ya ɗaukaka darajarka, Ya jiƙan malamanka.

An yi zaman ne ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma mata biyu ne suka ja ragamarsa daga farko har ƙarshe. Ɗaya ana kiranta alaga ijoko, ita ce bakin dangin amarya, ɗayar kuma alaga iduro, ita ke yi wa dangin ango jagora da roƙo. Tun daga bakin ƙofa aka tsayar da mu, aka ajiye kwanoni, sai da muka zuba kuɗi cikin waƙa da kiɗan gangarsu mai kama da kalangu kafin aka ba mu hanya, abin da ya tuna mini da yadda ƙawayen amarya ke tsare abokan ango wajen sayen baki. An kawo wasiƙar neman aure a naɗe cikin ado, ƙanwar amarya ta karanta a bainar jama'a, aka mayar da wasiƙar amincewa.

Da aka zo wajen gaisuwa, alaga ijoko ta yi magana da Yarbanci, sannan ta juya ta ce da Hausa, “Mutanen Kaduna, sannunku da zuwa.” Daga baya aka fassara mini cewa ta shaida wa taron cewa baƙin Arewa za su yi gaisuwa irin ta gidansu, kuma iyayen amarya sun yarda. Abokan ango Yarbawa suka kwanta, mu kuma muka cire takalma muka durƙusa muka sunkuyar da kai, babu wanda ya yi mana kallon raini. Sai aka ce kowa ya ja baya, ango ya kwanta shi kaɗai. Ina kusa da shi, ina ganin babbar rigarsa ta saƙi ta baje a kan dandamali, hularsa ta karkace, ana tambayarsa ko roƙon 'yarsu ya zo yi, yana amsawa fuskarsa na kallon ƙasa. Mahaifin amarya ya sunkuyo ya ɗora tafin hannunsa a bayansa, ya daɗe yana addu'a, har na ga kafaɗun ango suna rawa. Maraya ne, kuma na tabbata a wannan lokacin mahaifinsa ya tuna. Ban canza ra'ayina a kan kwanciyar ba, amma na fahimci abin da ake nufi da ita: a sa namiji ya nuna a gaban shaidu cewa roƙa ya yi aka ba shi, domin kada wata rana ya manta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaman iyaye. A wurinmu alkunya takan sa uba ya bar wa ƙaninsa ko amininsa waliccin 'yarsa, uwa kuma ta shige ɗaki, balle idan 'yar fari ce. A can kuwa uwa da uba ne a sahun gaba. Amarya ta shigo a lulluɓe, ta durƙusa a gabansu, mahaifiyarta ta rungume ta tana yi mata addu'a da babbar murya tana hawaye, sannan aka miƙa ta ga mahaifiyar ango, daga ƙarshe ta ɗauki hula ta sa wa mijinta a ka. Ina ƙaunar alkunyarmu, kuma ba na fatan mu rabu da ita, sai dai na yi sha'awar yadda wannan yarinya ta ji albarkar mahaifinta da kunnenta a ranar da za ta bar gidansa.

Kayan da dangin ango suka kawo, waɗanda ake kira eru iyawo, ba su yi kama da lefenmu ba, domin abinci ya fi tufafi yawa a ciki. Na ƙirga doya 42 an jera an ɗaure da ƙyalle, ga zuma da gishiri da man ja da namijin goro da citta mai ƙwaya, ga kuma wani goro da suke kira abata mai ɓari uku ko huɗu, ba irin namu mai ɓari biyu ba. Baba na Sabo ya ce kowanne addu'a ce, zuma don zaƙin zama, namijin goro don tsawon rai, citta don yawan zuriya. Da aka ce amarya ta zaɓi abin da ya fi mata daraja, sai ta wuce komai ta ɗauki Alƙur'ani. Bayan haka mahaifinta ya mayar wa dangin ango ambulan ɗin kuɗin aure, ya ce shi ba sayar da 'yarsa yake yi ba. Nan hankalina ya tashi, domin na ɗauka sadaki ne aka mayar, alhali sadaki haƙƙin mace ne da babu mai yafe shi sai ita. Kawu ya kwantar mini da hankali cewa wannan kuɗin al'ada ne na iyaye. Ranar Asabar kuwa, a wajen ɗaurin aure, aka tambayi amarya yardarta a gaban jama'a, aka damƙa mata sadakinta a hannu, ni kuma aka karrama ni da sa hannu a takardar aure a matsayin shaida.

Ina miƙa godiya ta musamman ga Mama, mahaifiyar amarya, wadda duk da hidimar da ke kanta ta lura cewa biyu daga cikinmu ba su saba da amala da miyar lalo da ta wake ba, ta sa aka dafa musu shinkafa daban mai sauƙin yaji. Haka nan ina gode wa yayyen amarya da suka tanadar mana hulunan anko ba tare da sun karɓi ko kwabo ba, da matasan Sabo da suka yi ta zirga-zirga da mu, da direbanmu, da duk 'yan uwa na Kakuri da Tudun Wada da Unguwar Rimi da suka ba da gudummawa ko suka bi mu da addu'a. Waɗanda suka kira ba su same ni ba, ina neman afuwarku.

Da muka je sallama, mahaifin amarya ya riƙe hannuna ya ce 'yarsa ba ta taɓa ƙetare Jebba ba, ba ta jin Hausa, kuma ba ta da kowa a Kaduna sai mijinta da mu. Na amsa masa cewa amana ce mun karɓa. Amarya za ta tare ranar Asabar mai zuwa in Allah Ya yarda, kuma maiɗakina da iyayenmu mata sun fara shirin tarbarta da buɗar kai. Ina roƙon matan abokanmu da maƙwabta su fito su karɓe ta, su yi mata uzuri a kan abin da ba ta sani ba na al'adunmu kamar yadda iyayenta suka yi mana. Za a yi walima bayan sallar la'asar a gidan mahaifiyar ango da ke Kakuri. Allah Ya ba da ikon zuwa, Ya sanya albarka a wannan aure, Ya ba su zuriya ɗayyiba.

Wassalamu alaikum.