Rijiyar rini ta fi allo koyar da oksideshan da ridakshan

Ɗalibin da ke haddace ma'anar oksideshan da ridakshan don jarrabawar WAEC, gara ya je ya tsaya bakin rijiyar marina a nan Sakkwato. Ƙa'idar gajera ce: abin da ya rasa ilektoron (ƙaramar ƙwaya mai cajin lantarki da ke cikin atom) ya yi oksideshan, wanda ya karɓa ya yi ridakshan, kuma ɗaya ba ya aukuwa sai da ɗayan.

Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa. Ko ka kwana kana jiƙa zane a ciki, launin a saman zare zai zauna, wanki ɗaya ya zube. Shi ya sa marini ke haɗa baba da toka ya bar su kwanaki su ruɓa. Toka ke ɗaga pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin kanwa na ruwa, zuwa wajen 10, ƙwayoyin bakteriya su cinye oksijin ɗin ruwan, su miƙa wa kowace ƙwayar shuni ilektoron 2. Ridakshan ke nan. Shunin ya koma mai narkewa, ruwan ƙasan rijiyar ya yi rawaya-rawaya mai ratsin kore, ya ratsa cikin auduga. Masu rinin zamani suna gajarta wannan jira da sinadaran sodiyam haidirosalfait da sodar kostik, waɗanda ke yin aikin bakteriya da toka.

Da an tsamo zane, kore yake fitowa. Oksijin, wanda shi ne kashi 21 cikin 100 na iska, yana ƙwace ilektoron ɗin nan 2, a idonka zanen ya rikiɗe shuɗi. Launin ya daina narkewa alhali yana cikin zare, ba hanyar fita. Kumfa shuɗi da ke saman rijiya ma aikin iska ne.

Yawancin ɓarna daga iska take. Juya rijiya da ƙarfi, ko barin zane yana ɗiga a ciki, na tura oksijin ƙasa, shunin ya koma shuɗi tun bai shiga zare ba, ya kwanta. Sanyin hunturu na rage kuzarin bakteriya, rijiya ta yi nauyin nuna. Haidirosalfait in ya yi yawa kuwa, sai ya sake narkar da launin da ya riga ya kama, zane ya ƙi duhu. A ganina, tsomawa gajera sau da yawa, ana shanya zanen minti 10 zuwa 15 tsakani, ta fi doguwar tsomawa ɗaya ba da baƙin shuɗi mai jure wanki.