Rera Rubutacciyar Waƙa a Rediyo da Talabijin: Abin da Agogo da Makirifo ke Buƙata

Rubutacciyar waƙar Hausa don kunne ake yin ta, shi ya sa rediyo ya karɓe ta hannu biyu tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna a 1962. Sha'irai irin su Aƙilu Aliyu da Mudi Sipikin da muryarsu jama'a suka fi sanin su, har da waɗanda ba su taɓa riƙe littafinsu ba. Sai dai ɗakin ɗaukar murya ba dandalin taro ba ne, kuma yawancin masu faɗuwa a cikinsa lokaci ne ke kayar da su.

Idan an ba ka fili na minti 15, kada ka shirya waƙar minti 15. Taken shiri da gabatarwa da talla da sallama za su ci kusan minti 4. Ka ɗauki agogon waya a gida, ka rera baiti uku da irin karin da za ka yi amfani da shi, ka raba, ka san tsawon baiti guda. Ƙwar biyar (baiti mai ɗango biyar, wato layi biyar) da aka rera a natse takan kai daƙiƙa 25 zuwa 30, wato baiti 22 ko makamancin haka sun cika filin. Ƙwar biyu kuwa za ka iya ninka wannan. Idan akwai amshi, a lissafa shi bayan kowane baiti, don shi ne ke cinye lokaci ba a ankara ba. Sannan ka yi wa baitoci 3 ko 4 na tsakiya alama da biro, waɗanda za ka tsallake idan furodusa ya ɗaga hannu. Wanda bai yi haka ba, baitin rufewa ake yanke masa, inda ya faɗi sunansa.

Tsakanin baki da makirifo a bar taƙi guda, a ɗan karkata kai gefe. Iskar "f" da "b" na bugun makirifo, "ts" da "ƙ" kuma na fita da kaifi fiye da yadda kunne ya saba. Kada ka ɗaga murya kamar kana gaban taron siyasa. Injiniya zai rage ka, sai wuraren da ka sassauta su ɓace. Amsa-amo ma a nan yake mutuwa, domin numfashi kan ƙare a ƙarshen ɗango, daidai inda ƙafiya take. Ka shaƙi iska a tsakiyar baiti, ka ajiye ƙarfi don gaɓar ƙarshe. Takardu kuma a rubuta gefe ɗaya, a zame su, ba a juya ba.

Talabijin ya ƙara ido. Farar riga fat na ɗauke hasken fuska, ƙananan ratsi na rawa a allo, sabuwar shadda mai sitati kuma na gogar ƙaramin makirifon da aka maƙala a wuya har ta rufe kalma. Gara a haddace waƙar, saboda mai karanta takarda saman hularsa kawai ake kallo.

Maganar kuɗi ba daɗin ji. Sau da yawa sha'iri ne ke neman mai ɗaukar nauyi ko ya sayi fili da kansa, ladar kuma ta zo daga gayyatar biki da taro da waƙar talla. Duk da haka a rubuta yarjejeniya: sau nawa za a maimaita, kuma wa ke da ikon ɗora ta a YouTube ko Facebook. Ka karɓi kwafinka ranar da aka ɗauka.

Zambo da habaici ga mai suna, tashar ce hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin za ta tuhuma, don haka a kai wa furodusa rubutun tun kwana biyu kafin shiri. Waƙar kamfen kuma doka ta hana sa ta idan ya rage awa 24 a kaɗa ƙuri'a.